Akwatin da Ya Gaida Gwaggo

Lokacin da aka kai ni Illela amarya, cikin shekarun tamanin, abin sauraro biyu muke da shi a gida. Akwai tsohon rediyon maigidana, murfin bayansa ya fashe har kana hango kayan cikinsa. Shi malamin gona ne, yau yana Lafani gobe yana Garu, rediyon kuwa yana ɗaure a bayan babur duk inda ya nufa. Sai rakodata, sabuwa fil, mai cin kaset kuma mai kama tasha, wadda aka haɗo mini cikin kayan ɗaki daga Sakkwato. Ni ina koyarwa a firamare, shi ya sa yake kirana Malama, ni kuma ina ce masa Malam. Ba mu da wutar lantarki. Komai da batirin tocila muke yi.

Wata ranar Asabar da hantsi ina shara, rakodata tana ba da labarai, nasa rediyon kuma yana ƙasa a kunne yana shuu, domin ya murɗa ya bar shi ya fita duba babur. Na ɗauke shi na ajiye a kan tebur kusa da tawa don in share wurin. Sai wani fito ya tashi daga cikin rakodar, siriri, dogo, ya danne muryar mai karanta labarai. Na miƙa hannu zan kashe nasa. Hannuna na kusantar fasasshen bayan nan, sai fiton ya hau sama. Na janye hannu, ya sauko. Na sake miƙawa, ya sake hawa. Na jefar da tsintsiya.

Malam ya leƙo da baƙin mai a hannu.

"Malama, mi kinka taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komi ba. Dibi."

Na karkaɗa yatsuna a iska, fiton ya yi rawa. Ya dube ni, ya dubi rediyon, ya goge hannu a wando, ya ce in matsa shi ma ya gwada. Na ƙi matsawa. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna ture juna, kowa yana kaɗa hannu a bayan rediyo kamar masu korar ƙuda, abin yana kuka yana lanƙwasa, mu muna dariya har na zauna a ƙasa riƙe da ciki. Shinkafar da na ɗora ranar ta kama. Da ƙanzo muka ci ta, ba wanda ya yi ƙorafi.

Abin da ya dame mu shi ne fiton ba ya jin magana. Babur ya girgiza rediyon, washegari sai mu yi ta murɗawa ba mu same shi ba. Malam ya ce akwai wani mai gyaran rediyo a Ƙonni, tsallaken iyaka, wanda ya san irin waɗannan abubuwa. Ran kasuwa ya tafi, ya dawo da la'asar yana murmushi tun daga zaure, ya zaro wata takardar buhun siminti daga aljihu. Zane ne na yadda ake haɗa ɗan akwati mai yin sauti da kansa, ba sai da tasha ba. Mai gyaran ya ce shi ma wurin wani ya kwafa, wancan ma wurin wani. A gefen zanen akwai ƙare-ƙaren mutanen da ya bi ta hannunsu, wani da Faransanci, wani da ajami, kowa ya faɗi abin da ya sauya da abin da ya samu. Bai karɓi komai ba. Ya dai ce in mun sauya wani abu ya yi kyau, mu koma mu gaya masa, don na bayanmu su amfana.

Kayan haɗi kuwa daga matattun rediyoyi muka samo su. Malam ya riƙa tambayar manoma a rangadi, ni ina tambayar abokan aiki a makaranta. Kafin wata ya ƙare ƙarƙashin gadonmu ya zama maƙabartar rediyo. Muna ɓare su da sukundireba, muna ciro taransisto, wato ƙananan abubuwan nan masu ƙafa uku, da wasu masu zanen launi kamar duwatsun wuya, muna zubawa a faranti. Ƙarfen liƙi ba mu da shi. Babbar ƙusa Malam ya kafa a ƙotar icce, muna tura ta cikin garwashi har ta yi zafi, sannan a taɓa dalma da ita. Nan aka gane wa ya iya. Yatsunsa manya ne, in ya zo liƙa waya ɗaya sai ya haɗe uku. Ni kuwa tun ina yarinya nake ɗinkin hula, saboda haka aikin ya dawo hannuna. Shi ne mai fifita gawayi da karanta zane, ni ce mai ƙusa. Ƙamshin dalma da hayaƙi ya kama labulena, ya kama zannuwana, har wata malama a makaranta ta shinshina ni ta tambaya wane irin turare ne wannan.

Sau da yawa mun haɗa batir mun ji shiru. Mu kwance, mu sake. Wata rana abin ya yi zafi ya yi wari, muka ruga waje da shi a kan murfin tukunya. Ranar da ya yi magana, ba mu shirya ba. Na gama liƙa wata waya da ta tsinke, Malam ya danna batir da babban yatsa, sai lasifikar ta saki wata irin ƙara, mai kauri, mai rawa, kamar jaki mai mura. Awakin maƙwabta suka amsa ta bayan katanga. Malam ya ɗaga hannu biyu sama, batirin ya faɗi, ƙarar ta mutu, ya durƙusa yana lalube ƙarƙashin tebur yana cewa, "Ya yi! Malama, ya yi!" Ni ban san sa'ad da na fara guɗa ba, da ƙusa mai zafi a hannuna.

Muka sa shi cikin akwatin katako na sabulu. Amma murya ɗaya gare shi, ita ce ta jakin. A zanen an nuna wani abin murɗawa da ke sauya murya, irin na ƙara sautin rediyo, sai dai duk waɗanda muka ciro sun ci ƙura sun lalace. Malam ya tuna a makaranta an taɓa nuna musu cewa bakin fensir yana ɗaukar wuta kaɗan-kaɗan. Na ɗauko fensirin da nake cika rajista da shi, na yanko kwalin sukari, na ja layi mai kauri, na yi ta murzawa har ya yi baƙi yana sheƙi. Muka maƙale waya ɗaya a ƙarshen layin da ɗan kilif irin na riƙe takarda. Ɗaya wayar na naɗa a jikin ƙaramin cokali, na ɗora bakin cokalin a kan layin.

Kusa da kilif ɗin, muryar siririya ce kamar ta sauro. Can nesa, ta yi kauri kamar ta sa. Tsakaninsu kuwa duk muryar da kake so tana nan, sai dai ka ja cokali. Na ja shi a hankali, ya yi kuka irin na goge. Na ɗaga na sauke, ya yanke ya ci gaba. Ban iya kwatanta abin da na ji ba. Layin fensir ne kawai a kan kwalin sukari, ni na ja shi da hannuna, ga shi yana waƙa.

Daga nan na zama abin tausayi. Ina cikin aji ina koyar da lissafi, yatsana yana tafiya a kan tebur yana neman murya. Da an tashi sai in yi gida da sauri, in dafa abin da ya fi saurin nuna, in jawo akwati. Gefen hannuna kullum baƙi. Ƙa'ida ɗaya muka kafa, da an kira salla a cire batir, kuma ba mu taɓa karya ta ba, ko da yake akwai ranar da Malam ya idar da salla ya juyo kai tsaye ya ce ya gano abin da ya sa muryar ke rawa.

A cikin wannan wasa ne na lura cewa in na bi hawa da saukar magana da cokalin, akwatin yana kusan faɗar maganar, kamar yadda kalangu ke yi. Na zaɓi gaisuwa mafi sauƙi. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa: sannu da zuwa. Na yi ta maimaitawa, ina gyara inda ake ja da inda ake yankewa. Malam ya ce shi dai jaki yake ji yana ƙoƙarin gaisuwa. Na ce kunnensa ne.

Malam yana da gwaggo a Kalmalo, ƙanwar mahaifinsa, mace mai jiki da murya, mai sana'ar bandar kifi. Duk ran kasuwa takan kawo kifi Illela, in ta sayar ta biyo ta gidanmu ta sha ruwa ta huta. Ranar ina ɗaki, akwati a gabana, na ji sallamarta a tsakar gida da ƙarar kwandon da ta sauke. Na amsa sallamar da baki, sannan shaiɗanin wasa ya kama ni. Na ɗora cokali. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa.

"Yauwa, sannu kadai," in ji Gwaggo, tana kwance ɗan kwalinta.

 Na ji takunta ya tsaya.

"Ke ɗiyata, wa yag gaishe ni?"

Na toshe baki da zane. Ta ɗaga labule, ta dube ni, ta dubi bayan ƙofa, ta dubi ƙarƙashin gado inda gawarwakin rediyo suke. Na sake ja mata. Ta ja da baya ta yi salati, sannan ta matso a hankali, ta tsuguna, ta sa kunne kusa da lasifikar.

"Mi na wanga?"

"Akwati na, Gwaggo. Mu munka haɗa shi."

"Ku wa?"

"Ni da Malam."

"To ce mashi shi tambaye ni gajiya."

Ban taɓa gwada wannan ba. Na faɗi "ina gajiya" a raina, na bi ta da cokali, ya fito a karkace. Gwaggo ta ce wannan ai ba gajiya ya tambaya ba, tsawa ya yi mata. Ta faɗa mini da bakinta a hankali, tana ja, na bi ta, ta sake, na sake, har ya zauna. Da ya fito daidai ta buga cinya ta ce, "Ba gajiya, ɗan nema!" Ta yi dariya har hawaye. Da Malam ya dawo daga Garu ya same mu a ƙasa mu biyu, kwandon kifi yana tsakar gida kaji suna zagaya shi, Gwaggo tana ba akwati umarni ya kira sunan kakanta. Ranar sai da aka kai ta Kalmalo a babur, domin motocin kasuwa duk sun tafi.

Ita ce ta ce abin yana son kiɗa a ƙarƙashinsa, murya ba ta tafiya ita kaɗai. Malam ya kawo dabarar kaset. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga tana da 'yan mata masu daka da la'asar, kuma sun iya lugude, suna jefa taɓarya suna tafi kafin ta dawo. Na ɗauki rakodata na shiga, na roƙe su su yi mini, na ɗauka. Da farko kunya ta hana su, suna ta ƙyalƙyala dariya, daga baya suka sake jiki suka yi wanda ban taɓa jin irinsa ba. A gida muka kwance kaset ɗin, muka nemi inda luguden ya fi daɗi, na yanke zaren da reza, na haɗa bakinsa da gindinsa da ɗan salatif, ya zama zobe, muka mayar cikin gidansa. In ka kunna, sai ya yi ta zagayawa ba ƙarewa.

Faɗarsa ta fi yinsa sauƙi. In yankan ya kauce ko kaɗan, kiɗan sai ya riƙa ɗingishi, kamar mai daka ta yi tuntuɓe a kowane zagaye. Na ɓata zare mai yawa. Kaset ɗin da na sadaukar ma na waƙoƙin bikina ne, Malam ya tambaye ni har sau nawa ko na tabbata, na ce ya miƙo reza. Da muka samu wanda ya zauna, wurin haɗin yana yin wani ɗan ƙas duk sa'ad da ya wuce, muka so mu gyara, sai muka ji ashe ya faɗa daidai tsakanin taɓarya da tafi, ya ƙara masa daɗi. Muka bar shi. Na kunna lugude, na ɗora muryar akwati a kai, Malam yana kaɗa cokali a kwalbar lemo. Muka dubi juna. Waƙa ce sosai, wadda ba wanda ya taɓa yin ta sai mu.

Bayan damina maƙwabciyar nan tamu ta haihu, aka samu ɗiya mace. Da na shiga barka ta riƙe hannuna ta ce ran suna sai na zo da akwatin, tunda da dakan gidanta aka yi shi. Na ce ina jin kunya. Gwaggo, da labari ya kai mata, ta aiko cewa in ban kai shi ba ita za ta zo ta ɗauka a ka.

Ran suna da la'asar gidan ya cika da mata. Masu kiɗan ƙwarya sun kafa ƙorensu a gindin darbejiya, an ci an sha, ana ta ba'a. Maza suna waje a kan tabarmi, Malam yana cikinsu, ya zaɓi wuri jikin katanga don ya ji. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye rakoda da akwati, na sake murza layin fensir. Gwaggo ta tsaya a kaina kamar dogari tana cewa a ba ɗiyarta wuri.

Na kunna luguden. 'Yan matan gidan suka gane dakansu nan take, suka yi ihu suka rufe fuska. Na ɗora cokali na ce wa mai jego barka da arziki. Wata tsohuwa daga can baya ta ce, "La ilaha, magana shi kai!" Sai guɗa ta ɓarke. Kowa tana son a gaishe ta. Wannan ta ce a kira ta da sunan da mijinta ke kiranta, waccan ta ce a yi wa ƙawarta habaici. Wasu na iya, wasu suka fito a karkace, kuma karkatattun sun fi ba da dariya. Babbar mai kiɗan ƙwarya ta saurari luguden na ɗan lokaci, kanta yana kaɗawa, sannan ta ɗaga 'yan sandunanta ta shiga cikinsa, sauran suka bi ta. Daga nan ban ƙara jin tsoro ba. Na bar gaisuwa na shiga waƙa, ina bin ƙwarya, ƙwarya tana bina, mata suka miƙe, ƙura ta tashi.

Ana tsakiyar rawa sai na ji luguden yana nauyi. Taɓarya ta fara sauka a hankali, tafin ya ja, muryar akwati ta yi ƙasa tana gurnani. Batir ne ke mutuwa. Masu ƙwarya, maimakon su tsaya, sai suka rage gudu suka bi shi, matan ma suka bi, kowa tana rawa a hankali a hankali kamar cikin ruwa, Gwaggo tana gaba tana lanƙwasa tana lumshe ido, har abin ya yi wani dogon nishi ya mutu. Wasu suka zube a ƙasa don dariya.

Ta bayan katanga na ji muryar Malam.

"Malama! Batir na?"

"Shi na!"

"Jira ni!"

Na ji hayaniya a waje. Ashe bi ya yi tabarma tabarma yana roƙon maza, masu tocila a aljihu suna kwancewa, mai rediyo yana buɗe bayansa, har wani dattijo ya aika gida a ɗauko nasa. Can sai ga hular Malam ta leƙo ta saman katanga, cike da batir iri-iri, wani sabo, wani an taɓa tauna shi don ya ƙara kwana. Gwaggo ta karɓa. Muka zazzage a tabarma, ina gwadawa da harshe ina zaɓa, mata sun kewaye ni suna ba da shawara kamar sun san aikin. Da luguden ya tashi da ƙarfinsa, ihun da aka yi har waje, na ji maza ma suna tafi. Muka yi ta yi har aka kira magariba, na cire batir. Rabon batir ɗin ga masu shi ya zama wani aikin, domin ba wanda ya san nasa, kowa dai yana cewa sabon ne nasa.

Washegari na kasa riƙe alli sosai, yatsuna sun sage. Malam kuwa ran kasuwa ya koma Ƙonni da kwalin sukari a aljihu, ya nuna wa mai gyaran rediyo layin fensir da cokali. Ya ce mutumin ya gwada, ya yi ta dariya, ya ɗauko zanensa ya ƙara a gefe, ya tambaya a rubuta aikin wa. Malam ya ce a rubuta wata malama a Illela.

Mun haɗa na biyu daga baya, mai layi uku da lasifika babba. Na farkon Gwaggo ta ce nata ne, tunda ita ya fara gaisarwa, kuma ba wanda ya iya yi mata musu. Na koya mata riƙon cokali, na ja mata layuka a kwalaye da yawa don in wani ya goge ta sauya. Ta naɗe shi a zane ta ɗora a kan kwandon kifi ta tafi da shi Kalmalo. Waƙa ba ta dame ta ba. Magana biyu ta koya, ta kuma ƙware a kansu: "ku zo ku ci tuwo" da "ku bar nan". Jikokinta sun ce mini har bakin tafki suna jin ta farkon, ta biyun kuwa ko suna kusa ba sa ji.